Fatun Layya da Sallamar Kawu Tanko

Na san abin da gwaggwanninku suka faɗa muku game da shekarar da na ƙi komawa Maradi. Sun ce an ba ubanku babban aiki a gidan rediyon jiha, ya sa ƙafa ya shure, ya zauna Mayahi yana bin gidaje roƙon fatar akuya don ya aika wa Turawa kyauta. Ba su yi ƙarya ba, sai dai sun ɗauko labarin daga tsakiya, kuma sun ajiye shi bai kai ƙarshe ba. Tun da yanzu na bar aiki, ba ni da abin yi sai shan shayi da gardama da uwarku, bari in rubuta muku shi tun daga tushe, kada wata rana jikokina su ɗauka kakansu ya taɓa samun taɓin hankali.

Kawu Tanko ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina ya riƙe ni a garinmu, Gidan Amumune, kuma shi ya ɗora ni a amalanke ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, ina ta kuka yana ta dariya. Allah bai ba shi haihuwa ba, don haka duk abin da uba yake yi wa ɗa ni na sha shi, har da dukan. Manomi ne na gero da wake, amma da ƙuruciya ya yi cin rani a bakin teku, ƙasar Gana, yana dako a tashar jiragen ruwa. Abokan tafiyarsa sun dawo da kekuna da akwatunan ƙarfe. Shi kuwa ya dawo da wata aba da ba ta fi ƙwaryar fura girma ba, wadda wani ɗan Laberiya mai aikin jirgi ya koya masa, ya kuma bar masa ita ranar da jirginsu zai tashi. Kawunanta biyu na katako ne, kowanne mai kusurwa shida da 'yan maɓallai a jere, tsakiyarta kuwa fata ce mai naɗe-naɗe. In ka ja ta buɗe sai ta yi kuka, in ka matse ta sake wani kukan. Masu ita suna ce mata konsatina. Mutanen garinmu da suka ga tana numfashi kamar zugazugin maƙera sai suka sa mata 'yar zuga, sunan ya bi ta.

Mu ba mu gaji kiɗa ba, shi ya sa gari ya rasa inda zai ajiye Kawu. A wurinmu kowane kiɗa da mai shi: akwai na manoma, akwai na mahauta, akwai na 'yan dambe, kowane babban mutum da takensa, kuma kowane makaɗi da 'yan amshinsa a baya. Kiɗan Kawu ba taken kowa ba ne, ba mai iya taka masa rawa, kuma ko tsallen goro bai taɓa karɓa a kansa ba. Ba a iya ce masa maroƙi, ba a kuma iya barinsa ya sha iska. In ya wuce majalisa sai wani ya ɗaga murya ya tambaye shi ƙarfe nawa zugar ta narka yau. Ya yi murmushi ya wuce. Da kaka, in an gama zuba hatsi, yakan jingina da rumbu bayan la'asar ya yi ta ja yana matsewa, masu saurarensa mu biyu ne, ni da matarsa Inna Delu. Ni a lokacin ban san yana jin zafin abin da ake masa ba, don yaro ne ni. Sai da Inna Delu ta rasu, fatar 'yar zuga kuma ta tsage a wannan shekarar, ya sa ta cikin burgami ya rataye a rufin ɗaki bai ko nemi gyara ba, sannan na gane mutumin ya daɗe da gajiya.

Shekarar da nake ba ku labari ina kula da na'urori a rediyon garin Mayahi, kuma ba a daɗe da ja mana intanet ba. Wata safiya ina neman wani sauti da za mu sa a shirin manoma, sai na faɗa kan wata tsohuwar Baturiya, 'yar ƙasar Ailan, zaune a kujera da 'yar zuga a gwiwarta. Na bi sawu har na gano wani zaure a intanet inda masu wannan kiɗa suke taruwa, daga ƙasashen da wasu ban taɓa jin sunansu ba sai a wasan ƙwallo. Ashe abin da Kawu ya yi shekaru yana ɗauka shi kaɗai yake yi a duniya, jama'a ce guda. Ranar kasuwar Gidan Amumune na hau babur ban ko karya kumallo ba, da niyyar in nuna masa, in gyara masa abarsa, in ɗauki kiɗansa in ajiye. Akwai abin da yake kora ni. Kunnen Kawu ya fara tafiya, har ka tambaye shi ina ya ajiye hauya ya ce maka lafiya lau. Na kai shi likita a Mayahi, aka ce abin ba ya komawa baya, gaba yake yi, kuma da wuya ya kai baɗi yana jin magana.

Na same shi a zaure yana tufka igiya. Na kanga masa waya a kunne, sannan na mayar da ita gaban idonsa. Ya kalli tsohuwar har ta gama, yatsunsa suna motsi a kan igiyar bai sani ba.

"Wagga ta iya," ya ce. "Amma ba ni take yi ma ba."

Na ce masa ba ita kaɗai ba ce, suna da yawa, kuma ina so in ɗauki nasa kiɗan su ma su ji.

"Isuhu, na yi shekara da shekaru ina kira ba wanda ya amsa. Na gaji da magana ni ɗai. In da gaske ina da 'yan'uwa, su yi mani sallama tukuna. Ni ne babba, kuma ni ne zaune gidana. In na ji sun kira sunana, ni kau in amsa."

Wanda ya san Kawu ya san an gama magana. Abin da na samu a ranar shi ne izinin sauke burgamin daga rufi, ya ce in ɗauka, ko gara ma ta duba ta ƙi ci.

Na dawo na rubuta wa mutanen zauren da Faransancina na lakwal, na'ura ta juya musu zuwa harsunansu. Na ba su labarin Kawu, na roƙi kowa ya ɗauki kiɗansa ya aiko, amma ya fara da cewa "Sannu Tanko". Na zauna jira ina ganin kamar gobe-gobe za su cika mini waya. Shiru. Mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma cikin ladabi ya tambaye ni ko bayan kiɗan zan nemi lambar asusunsa na banki. Ban ga laifinsa ba, don ni ma in wani ya rubuto daga inda ban sani ba ya ce in gai da kawunsa, sai na yi tunani. Amma na ji ciwo, na yi kwanaki ban leƙa zauren ba. Ana cikin haka na kai 'yar zuga Tasawa wurin Ilu baduku, wanda ya saba yi mini takalma. Bai taɓa ganin irinta ba, ya kwance ta ya yi ta juyawa, sannan ya ɗauko fatar jar akuya, irin tamu ta Maradi, ya yi ta kankarewa har in ka ɗaga ta kana ganin hasken rana. Da ita ya sake naɗe-naɗen duka. Ranar da na karɓo na ja ta na matse, ko iska ba ta fita ta gefe. Daɗi ya sa na ɗauki hotonta na sa a zauren, ba don komai ba sai don in nuna musu mu ma ba a kwance muke ba.

Da gari ya waye na tarar da saƙonni sun yi tsibi. Ba mai tambayar Kawu, kowa fatar yake tambaya. Ashe babbar damuwar masu wannan kiɗa ita ce fata mai laushi da za ta kankaru ba ta ɓule ba, kuma samunta yana yi musu wuya. Ita kanta tsohuwar Ailan ta rubuto, ta ce tata ta mahaifinta ce, tana zubar da iska, in faɗi kuɗin fatar ta saya. Nan take ɗan kasuwar da ke cikina ya farka. Na ce to madalla, ga abin da suke so a hannuna, ga abin da nake so a hannunsu, kowa ya ba ni kiɗa da sallama in ba shi fata. Na kira Ilu, ya ce kada in dogara da ta kasuwa, mahauta sauri suke yi, wuƙa takan bar mata tabo, in an zo kankarewa sai ta fashe. Wadda ya yi mini aiki da ita ma ta layyarsa ce ta bara. Ya ce in jira Babbar Salla, ga ta nan tafe, in nemi wadda aka feɗe a gida cikin natsuwa. Na shiga gida ina murna na kwashe dabarata na faɗa wa uwarku, tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Hwatar layya za ka saida, Malam?"

"Ba saidawa ba ce, Rabi. Musanya ce. Kiɗa kawai za su ba ni."

"In ka ba da abu don a ba ka wani abu, ka saida. Ko kiɗa ne, ko tari ne. Ni gidan liman na tashi, ba a yi wanga da ni ba. In za ka ba su, ba su don Allah. Kuma kada ka sake buɗe baki ka tuna masu da roƙonka. Ka roƙa sau guda sun ji, su ba kurame ba ne."

Wannan kalma ta ƙarshe ta soke ni, don na san wanda yake kurumcewa, kuma lokacinsa nake ƙonawa. Na yi gardama, na kawo hujjoji irin na 'yan boko, ta bar ni na gama ta ci gaba da tankaɗenta. A raina na san ita ke da gaskiya. Abin da ya rage mini shi ne in ba da abin da ke hannuna, in rufe baki, in zuba ido.

A cikin wannan mako takardar canjin wurin aiki ta iso. An ba ni shugabancin sashen na'urori a Maradi, in kama aiki bayan Salla. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, kuma uwarku ta fi ni so, don yayarta tana can, makarantu suna can, har ta fara raba kwanonin da za a tafi da su da waɗanda za a bari. Amma na san in na tafi, sabon shugaba ba shi da ranar kansa. A Mayahi ɗakin ɗaukar magana a hannuna yake, Gidan Amumune kuma tafiyar hantsi ce. In na koma Maradi, kafin in samu sukunin waiwayowa Kawu ya daina ji. Na je ofis na ce a ba wani. Ba zan ɓoye muku abin da hakan ya ci ba. Aikin bai sake dawowa ba, a kujerar da nake na tsufa. Ke kuma babbar, wadda ba na kiran sunanki, ke kika fi kowa biya, don da lokacin karatunki ya yi, ke kaɗai kika tafi Maradi kika zauna gidan mutane kina wanke-wankensu kafin ki buɗe littafi. Na sani, kuma har yau abin yana damuna. Uwarku ta yi kwanaki maganarta da ni ba ta wuce "ga tuwo" da "ga ruwa" ba.

Ranar Salla da yamma na shiga unguwa gida-gida ina tambayar maza fatar akuya. Yawancinsu suka ce sun riga sun yi alkawarinta, wasu kuma suka samu abin dariya. Wani abokin wasana ya tare ni a bakin masallaci ya ce ashe roƙon da Tanko ya ɓoye a ɗansa ya fito, sai dai wannan maroƙin ba ya son riga, fata yake so. Na dawo da 'yan fatu da ba su cika hannu ba, na kwanta da baƙin ciki. Kashegari da hantsi na fito zan tafi aiki, na tarar da fatu jajaye jibge a zaure, an shafe su da gishiri an jera. Uwarku tana tsaye tana wanke hannu, ba ta ko kalle ni ba.

"Kai ka tahi wurin maza neman akuya. Tun yaushe akuya ta zama ta namiji garin ga? Na gaya ma mata wasu tsohhi ne can wata ƙasa abinsu ya yage, sadaka ce. Kwashe min su nan, suna jawo ƙuda."

Majema suka jeme su da bagaruwa, Ilu ya kankare, ni kuma na yanka na naɗe na kai gidan waya. Duk wanda ya tambaya na aika masa, har da mai maganar banki. A cikin kowane ƙunshi abin da na rubuta kawai shi ne wannan kyauta ce daga matan Mayahi, ba a sayar da ita, ba a kuma biyanta da komai. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in ƙara layi ɗaya game da Kawu, amma uwarku tana tsaye a kaina kamar ɗan kwastan.

Daga nan sai damina ta kankama, kuma ban taɓa ganin damina mai tsawo irin wannan ba. Saƙonnin godiya sun zo, kiɗa bai zo ba. Duk ranar kasuwa ina kan babur cikin laka zuwa Gidan Amumune, kuma duk zuwa sai na ƙara ɗaga murya fiye da na baya. Na mayar masa da 'yar zuga gyararriya, ya shafa sabuwar fatar ya yaba aikin, ya mayar da ita burgami ya rataye. Bai taɓa tambayata labarin 'yan'uwan nasa ba, wannan ya fi mini ciwo a kan ya tambaya. A gari kuwa an gama yanke hukunci cewa Turawa sun cinye fatun matan unguwa sun share baki. Ni kaina na fara yarda.

Gero ya fara nuna lokacin da saƙon tsohuwar Ailan ya shigo. Ina ɗakin aiki na sa abin ji a kunne. Na ji motsin kujera, na ji ta gyara murya, sannan a hankali, kamar mai taka ƙaya, ta ce "Sa-nu, Tan-ko." Sai ta fara kiɗa, da fatar akuyar maƙwabciyarmu tana numfashi a hannunta. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. A rubuce ta gaya mini cewa roƙona na farko ko karanta shi ba ta yi ba. Da ƙunshin ya iso ba farashi ba buƙata, sai abin ya tsaya mata a rai, ta koma baya tana neman ko wane ne ni, nan ta ga labarin Kawu. Ita ce ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya ta tashe su. Daga wannan rana waya ba ta huta ba. Wani mutumin Afirka ta Kudu ya aiko nasa yana tafe yana kiɗa, kana jin takun ƙafarsa, kiɗan yana gurnani yana maimaita kansa. Wani daga Bolibiya ya yi nasa zakara yana ta cara a bayansa, ka ce a tsakar gidanmu aka ɗauka. Wasu mata biyu a Ingila suka yi tare, wani Bajamushe ya tara iyalinsa duka suka yi sallamar baki ɗaya. Mai maganar banki ya aiko nasa da ban haƙuri. Har waɗanda ban taɓa aika wa ko ƙyallen fata ba suka shigo. Sunan Kawu ya sha wuya a bakunansu, wani ya ce Tango, wani ya ce Tanka, amma ba wanda ya tsallake sallamar.

Na zauna na tace su ɗaya-ɗaya, na daidaita ƙarfin sautin, na bar zakaran inda yake. Da na zo jerawa na fara da ƙasa-ƙasa, sai na tuna wanda za a kai wa. Na koma na tambayi kowa shekarunsa, abin da ya ba su mamaki, na jera su bisa girma, tsofaffi a gaba, yara a baya, yadda ake shiga gaisuwa wurin dattijo.

Ranar da zan kai masa, uwarku ta yafa mayafi ta ce da ita za a je, tun da fatunta ne. Muka isa ana tashi daga kasuwa, an gama zuba hatsi. Na shimfiɗa wa Kawu tabarma a gindin rumbu inda ya saba zama, na ajiye akwatin sauti na katako a gabansa na haɗa da batir. Labari ya riga mu isa, mutane suka taru, har da tsofaffin majalisar nan masu tambayar ƙarfe nawa aka narka. Na kunna. Muryar tsohuwar ta fito sarai, kowa ya ji ta kira sunansa, aka yi ta kallon-kallo. Kawu yana zaune yana bin fuskokin mutane da ido. Na ƙara murya har akwatin ya fara rawa. Ya juyo ya dube ni.

"An hwara?"

Na bar Maradi, na kwashe fatun mata, na tara duniya a akwati, na iso bayan an rufe ƙofa. Ina nan tsugune na rasa abin yi, sai uwarku ta ture ni gefe, ta sunkuci akwatin ta ɗora masa a cinya kamar jariri. Ta sa baki a kunnensa ta ce ya riƙe baƙinsa. Ya rungume akwatin don kada ya faɗi, sai na ga ya tsaya cak. Ya ji katakon yana kaɗawa a ƙirjinsa. A hankali ya sunkuya ya ɗora muƙamuƙinsa a kan akwatin ya danna, ya runtse ido. Na mayar da sautin farko. Tsohuwar ta sake cewa "Sa-nu, Tan-ko."

"Tsai da ita," ya ce.

Na tsayar. Ya ɗago kai ya gyara hula.

"Yauwa, sannu kadai, Hajiya. Ina gajiya? Ina mutan gida? To madalla. Bisimilla."

Ya mayar da muƙamuƙi ya yi mini alama in sake ta. Haka muka yi da kowa. Ba wanda ya bari ya fara kiɗa sai ya amsa masa sallama cikakkiya, ya tambaye shi gida da iyali da ruwan bana. Da farko jama'a dariya suke yi, daga baya dariyar ta mutu. Da aka zo kan iyalin Bajamushen nan, sai na ji tsofaffin majalisa suna taya shi amsawa. Da zakaran Bolibiya ya yi cara wani zakara ya amsa daga bayan danga, wuri ya kaure da shewa, Kawu bai san abin da ake yi ba, yana can manne da akwatinsa hawaye suna bin katakon. Da na ƙarshe ya gama, ya ɗago kai. Sannan ya ce:

"Isuhu, sun yi ladabi. Ɗauko ta."

Na shiga ɗaki da gudu kamar ba mai furfura ba. Ya zura hannuwansa cikin maɗaurin, ya manna kanta ɗaya a ƙirjinsa don ya ji ta a ƙashi, na kafa makirufo. Yatsun sun yi tauri, ya yi tuntuɓe a farko, ya tsaya ya yi tsaki ya sake. Daga nan hannun ya tuna. Ya yi wanda ɗan Laberiya ya koya masa, sannan ya shiga wanda ya ƙaga da kansa a kan amon sussuka, wanda yakan yi wa Inna Delu. Ba wanda ya yi tari har ya gama. Na kalli allon na'ura na ga komai ya shiga, na ji wani irin daɗi da ban taɓa ji a aikina ba, ko ranar da aka ɗauke ni.

Na sa kiɗan Kawu a ƙarshen tarin na aika wa kowa, a zatona an gama. Ashe tsohuwar Ailan ba ta gama ba. Na taɓa gaya mata cewa a wurinmu makaɗi ba ya cika sai da 'yan amshi, kuma Kawu bai taɓa samu ba. Sai ta sa kowannensu ya koyi kiɗan sussukar, ya sa na Kawu a kunne ya bi shi, ya aiko mini. Na ɗora su a kan juna a ɗakin aiki, Kawu a gaba, su duka a bayansa. Muka sa shi a rediyo ranar kasuwa, mutane suka yi ta kira suna tambayar taken wa ne wannan. Mai gabatar da shirin ya dube ni ta gilashi, sai ya ce taken Tanko ne. Har yau haka ake kiransa, kuma kun sha ji a wayoyin 'yan kabu-kabu ba ku san na kakanku ba ne.

Da sanyi ya shigo muka kai masa wannan ma, ni da uwarku. A lokacin kunnen ya tafi gaba ɗaya, akwatin kaɗai ya rage masa. Ya rungume shi ya ɗora muƙamuƙi. Ya ji kansa ya fara, sannan ya ji hannuwa sun shigo a bayansa daga ko'ina suna bin sa. Na zuba masa ido ina jiran hawaye, har na tanadi nawa. Sai na ga ya haɗa gira, ya ɗaga yatsa ɗaya yana kaɗawa kamar mai tsawata wa yara a gona. Da aka gama ya ɗago ya dube ni da fuskar mai gida.

"Sun yi ƙoƙari. Amma wagga Hajiya ta Ailan tana da gaggawa. Ka hwaɗa mata ta bi ni sannu. Ni ne gaba."

Uwarku ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. A hanyar dawowa, tana bayana a kan babur, ta ce in tabbata na isar da saƙon yadda ya faɗa, kada in rage komai. Na isar, tsohuwar kuma ta sake ɗauka ta aiko, a hankali.